Wosta Subhan da Rufin da Ya Ƙi Bugawa

Idan aka sallame sallar asuba a masallacinmu na Kunzwan, kowa ƙasa yake duba, yana neman takalminsa. Subhan Najar, wanda muke kira Wosta, wato gwanin aikin rufi, sama yake duba. Haka na san shi tun gemunmu yana baƙi. Yakan tsaya a bakin ƙofa, kaskon garwashinsa a ƙarƙashin rigar ulu, ya bi rufin gidaje da ido, daga na mai gurasa har na ƙarshen gangare. Kallo ɗaya ya ishe shi ya san wanda ya kwana da nauyi da wanda ya sauke nasa. Daga nan sai gida. Matarsa Zuni ta tsiyayo masa shayin gishiri, ya tsoma gurasa, ya sha. In lokacin ƙanƙara ne, yana ajiye kofi zai ɗauki sandarsa.

Ba wanda bai san sandar nan ba. Dogayen itatuwa ne ya haɗa baki da baki da waya, a tsininta akwai ɗan allo da ya naɗe da tsohuwar tayar keke. In ya saɓa ta, a hankali yake shan kwana, kada ya fasa wa wani taga. Masu zaman shagon aski sukan ce ga Wosta can zai je sosa wa sama baya. Bai taɓa tanka musu ba. Wani lungu da muke kira lungun Rustum yake nufa, kullum, har ƙanƙara ta janye. Zuwansa lungun nan shi ya sa na yi wannan rubutu, don bana ƙafarsa ba za ta kai shi ba.

Subhan a kan rufi ya girma. Ya tarar da ubansa yana rufa gidaje da ɓawon itace da ƙasa, irin rufin da furanni ke tsirowa a kai in sanyi ya wuce. Ya ga zamanin fallen katako, ya ga na kwanon ƙarfe mai tsatsa, har alminiyam ya iso mana daga garin Sopor a bayan motocin tuffa. Shi ya fara buga shi a ƙauyen nan. Yana son sa. Yakan ce ba ya tsatsa, ba ya danne katako, kuma ruwan da kan yi mana mako bai ɗauke ba, ba ya cin sa. Sai ya ƙara da cewa aibinsa ɗaya, santsi. Kwanon ƙarfe in ya tsufa yakan kama ƙanƙara, ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Alminiyam ba ya riƙe komai. Zai yi shiru da kaya a kansa, da rana ta ɗan taɓa shi, ko ɗumin murhu ya taso daga ƙasa, sai ya saki duka gaba ɗaya. Ƙarar kaɗai tana tsinka igiyar saniya.

Aikinsa ba sai na yaba ba, yana nan a kan kawunanmu. Ku tambayi tsohuwa Saja, ta bakin rafi. Wata shekara ta zo ƙofarsa da ludayi a hannu, tana cewa rufin da ya yi mata yana yoyo, kauɗar tumatir da ta gauta da ta rataye a ɗakin ƙarƙashin rufi duk ta yi funfuna, da me za su ci sanyi. Ya bi ta. Ya hau, ya tarar da ƙofofin iska biyu da yake bari a kowane rufi an toshe su da tsummoki da tsohuwar safa. Ya zare, ya jefo mata ƙasa. Ya gaya mata rufin ba yoyo yake ba, gumi yake: tururin tukunya da numfashin mutane da na shanu ne ke tasowa, ya bugi kwano mai sanyi, ya dawo ruwa. Ta ce ai sanyi ne ke shigowa ta nan. Ya ce sanyi ba ya cin kauɗa. Har yau Saja tana cewa mutumin nan ba shi da daɗin baki, amma tun ranar ba ta ƙara zubar da ko yanki ɗaya ba. Ba kuma ita kaɗai ba ce. Duk kaka sai ya zaga gidaje yana zare tsummoki, mu kuma yana juya baya wasunmu su mayar.

Haka yake da ƙusa. Ba ya buga ƙusar baƙin ƙarfe a alminiyam, ya ce ba sa zaman lafiya in ruwa ya shiga tsakaninsu. In mai gida ya sayo irinta don sauƙi, sai Subhan ya zauna a gindin tsani ya cika kaskonsa da garwashi, har a je a canjo. Ana ce masa mai nawa. Rufinsa na farko yana nan a gidan mai gurasa, ba a taɓa tara masa roba ba.

Amma abin da ya raba shi da mu ba ƙusa ba ne. Hannun maƙwabci ne.

Matasa da yawa ba su san shi ba yanzu, to bari in faɗa. A da, in an ɗora babban katakon ƙoli, dangin mai gida sukan jefa mayafai a kansa, na Wosta ne, in ya gama ya kwashe. Kafin a buga falle na farko kuma, sai a kira maƙwabcin da rufin zai zubar da ƙanƙara ta wajensa. A ba shi shayi. In ya yarda, ya ɗora hannunsa a kan katako a gaban mutane. In bai ɗora ba, a juya rufin. Subhan ya gaji wannan daga ubansa, ya kuma ƙara nasa a kai. Yakan ce kowane gida ya ci ƙanƙararsa. In wuri ya matse, dole rufi ya kalli hanya, sai ya jera ƙarafa a bakin kwano su riƙe kayan, ya narke a hankali.

Shekarar da tuffa ta yi daraja, Haji Makbul Lon ya rushe gidan ubansa ya tayar da bene. Gidan yana jingine da gangare, bayansa yana kallon wani siririn lungu. Ta lungun nan mata ke zuwa idon ruwa, ta nan yara ke sauka makaranta, a cikinsa kuma ƙofar Rustum Shek take buɗewa. Rustum a gonar Haji yake aiki, shi ke yi wa itatuwa aski, shi ke cika akwatuna, haka ubansa ma ya yi. Subhan ya zaga ginin ya ce a juya ƙoli, ɓangare ɗaya ya zuba a lambun Haji, ɗaya a tsakar gidansa. Haji ya ce tsakar gida siminti za a yi mata, nan mota za ta kwana, ba zai wayi gari yana haƙo motarsa ba. Lungu ya ɗauka.

Aka ɗora katako. Mayafai suka sauka a kansa, masu kyau, irin waɗanda Zuni ba ta taɓa yafawa ba. Aka kira Rustum, aka ba shi shayi a kofin baƙi. Ya sha a tsaye. Ya matso, ya ɗora hannu, kansa a ƙasa.

"To ga hannu, Wosta," in ji Haji. "Bismilla."

Subhan bai motsa ba. Ya ce, "Rustum, ɗago ka dube ni."

Rustum bai ɗago ba.

"Jikokinka ta ina suke fita da safe?"

Haji ya yi dariya, ya ce rufi ya kira shi ya yi ko shari'a, al'ada ta ce hannu, ga hannu kowa ya gani.

"Hannun ɗan aikin gonarka na gani, Haji," in ji Subhan. "Na maƙwabcinka ban gani ba."

Duk da haka ya ba shi hanya. Ya ce in lallai sai lungu, a bar shi ya jera ƙarafa. Haji ya ce bai sayo kwano mai shuɗin fenti tun daga birni don a dasa masa haƙora ba. Sai Subhan ya tattara gudumarsa da igiyarsa ya fita ta tsakanin mutane. Mayafan ya bar su a kan katako, iska tana kaɗa su. Ba a taɓa yi wa wani gida haka ba a Kunzwan, kuma Haji bai manta ba.

Cikin mako aka kawo ma'aikata daga can ƙasa inda ake zafi. Yara ne masu hanzari, da injin ɗaura ƙusa mai ƙugi. Ba laifinsu, ba su taɓa ganin ƙanƙara ta wuce idon sawu ba. Inda aka nuna musu nan suka zubar da rufin, suka karɓi sallama suka tafi. Abin da ƙauye ya koya a makon nan shi ne, ashe ana iya yin rufi ba tare da an dafa wa maƙwabci shayi ba. Abin ya yi wa mutane daɗi. Mai sabon gini ya daina aika wa Subhan. Waɗanda ya koya wa aiki suka bi masu inji, ban ga laifinsu sosai ba, ciki ne. Mutumin da ya rufa masallaci ya koma facin garken shanu da ɗakin kaji.

Ƙanƙarar farko ta shekarar ta sauka. Da safe aka ga Subhan da doguwar sanda a kafaɗa, ba wanda ya taɓa ganinta kafin ranar. Ya ɗaura igiya a bakin lungu ta sama da ta ƙasa. Ya hau katangar garken Rustum, ya miƙa sandar, ya riƙa yanko ƙanƙarar rufin Haji gefe-gefe, tana faɗowa ƙanana, tun rana ba ta leƙo ta bayan dutse ba. Da ya gama ya sauko, ya kwashe ta ƙofar Rustum da shebur, ya kwance igiya. Mata suka wuce da tulunansu. Yara suka wuce.

Washegari ya dawo. Shekarar gaba ya dawo. Yaran da suka fara tsayawa a bayan igiyar nan, yanzu wasunsu 'ya'yansu ne ke tsayawa.

Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Haji ya taɓa aiko masa cewa yana kankare masa fenti, shi ya sa ya naɗe allon da taya. Rustum kuwa in ya ji motsin sanda ba ya fitowa. Ba zai iya karɓarta ba, don karɓarta daidai yake da ya ce rufin ubangidansa mugu ne, ga kuma bakuna a gida. Matarsa Fazi ce ke miƙo shayi ta taga, ta rufe da sauri.

Ga inda abin ke ci mini rai. Da yake kullum Subhan yana riga rana zuwa, rufin bai taɓa samun damar sakin kayansa a kan kowa ba. Da yake bai taɓa saki a kan kowa ba, sai ƙauye ya yanke cewa dama can ba hatsari. A shagon aski aka riƙa cewa shekara da shekaru ko kaza ba ta mutu a lungun nan ba, tsoho dai taurin kai ya hana shi cin arziki. Haji da kansa yakan tambaya a bakin masallaci, yana murmushi, ina bala'in da Wosta ya yi mana alkawari. Subhan yana jin su. Sai ya duba sama, ya wuce.

Kai ne, Wosta, ka riƙa share shaidarka da hannunka kowace safiya. Da ka kwanta rana ɗaya, da duk Kunzwan ta san kai ne mai gaskiya. Ka san haka sarai. Ka san kuma da me za a biya wannan sanin, shi ya sa ba ka kwanta ba.

Bara, a tsakiyar arba'in ɗin sanyi, kwanakin nan arba'in da sanyi ya fi tsanani, ƙanƙara ta zuba, ruwa ya biyo ta, sannan sanyi ya kama. Kayan suka daskare suka zama falle guda, mai nauyin dutse. Subhan ya ɗaura igiyoyinsa. 'Yan makaranta sun taru a bayan ta sama suna buga ƙafa, mata a bayansu. Ya hau katanga, ya taɓa gefe kamar yadda ya saba. Duk rufin ya taho. Ya cika lungun har rabin ƙofar Rustum, ya bugi katangar, ya jefar da tsohon. Mata ne suka tono shi da hannu da murfin tukunya. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Ba yaron da ko hularsa ta faɗi.

Kafin azahar hukuncin shagon aski ya fito: shi ya tsokano ta. Da ya bar ta, da tana nan zamanta.

Sauran sanyin, duk ranar da aka yi ƙanƙara, Fazi ce ta riƙa ɗaura igiya, mata suna zagayawa ta bayan maƙabarta, yara suna zamewa a gangare. Kowa yana mita. Da aka sallamo Subhan daga asibiti, Haji ya zo duba shi da akwatin tuffa, masu kyau, irin na kaiwa birni. Ina zaune. Ya yi masa sannu, ya ce mutum mai shekaru irin nasa hutu ya kamace shi. Subhan ya yunƙura a kan gwiwar hannu. Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba sai ranar.

"Haji, ƙarafan suna nan a rumfata. Tun shekarar na sa maƙeri ya yi su, daidai awon rufinka. Ba na son komai. Ka ce a hau kawai, yini ɗaya ne."

Haji ya gyara mayafinsa, ya miƙe.

"Allah ya ba ka lafiya, Wosta. Rufina bai taɓa taɓa kowa ba sai wanda ya taɓa shi."

Zuni ta raka shi ƙofa kamar yadda ake raka baƙo. Ta dawo ta juye tuffar wa saniya, ta ajiye akwatin.

Ƙugun ya haɗe a karkace. Subhan yana iya zuwa bakin ƙofa da sanda, ba ya wuce nan. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a hayin kogi. Da kaka ta shigo ya ba da gudumarsa da almakashin kwano ga wani tsohon almajirin aikinsa, ba taro, ba jawabi. Haka aikin Wosta Subhan ya ƙare. Doguwar sandar kawai ya hana a taɓa.

Shekaranjiya ƙanƙarar bana ta fara. Na fito masallaci da sandunana biyu, na ji karce-karce daga wajen lungu. Na je. Igiya a ɗaure sama da ƙasa. A bakin lungu ga Subhan zaune a kan akwatin tuffar nan, an lulluɓe shi da bargo, baron da aka turo shi a ciki yana gefe. Fazi ta riƙe tsani. A kan tsanin kuwa Zuni ce, tsohuwar da gwiwarta ke ƙara in za ta yi sujada, ta ɗaure rigarta a ƙugu, sandar tana rawa a hannunta.

"Hagu, tsohuwa," in ji shi. "Gefe-gefe. Kada ki shiga tsakiya."

"Rufe mini baki. Tun yaushe nake kallonka kana yi."

"Kallo daban."

"Da ka kwashe mayafan nan ranar, da yanzu ina gindin murhu na lulluɓa da ɗaya."

Na ga gemunsa yana motsi, ban sani ba ko dariya ce. Idonsa dai bai bar bakin kwanon ba.

Na riƙe igiyar sama, abin da ƙarfina ya kai ke nan. Mazan da suka fito masallaci suka taru a bayana, majiya ƙarfi, hannuwansu a cikin riga sun rungume kaskon wuta. Akwai waɗanda tun suna 'yan makaranta suke tsayawa a bayan igiyar nan. Suka tsaya suna kallon tsohuwa. Da ta gama ta sauko, na kwance, suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya ce mata sannu da aiki.

Wosta, ni ban iya daɗin baki ba, kai ma ba ka son sa. Kai ne ka rufa mu, muka kwana a bushe muna zaginka da nawa. Kai ne ka bar mayafi a kan katako don mutumin da ya kasa ɗaga ido ya dube ka. Kai ne ka yi gadin rufin da ka ƙi bugawa har ya karya ka. Mai duban sama, na gode. Saja ta ce in ce ta gode, ta ce kuma har yanzu ba ka da daɗin baki. Fazi ta gode. Rustum bai aiko ba, amma jiya da magariba na gan shi ya tsaya a ƙofar rumfarka yana kallon ƙarafan nan, ya daɗe, sannan ya tafi. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa maka ƙugun nan, ya ba Zuni ladan da mu muka hana ta.

Ku kuma, mutanen Kunzwan, ba yabo nake nema masa a wurinku ba, ya wuce lokacin da zai amfane shi. Mai sabon gini ya dafa wa maƙwabcinsa shayi, ya kuma dubi fuskarsa, ba hannunsa kawai ba. Waɗanda Haji ke jin maganarsu su je su same shi, ƙarafan suna nan, ko tsatsa Wosta bai bari sun yi ba. Kafin ya yarda kuwa, sandar tana jingine a bayan ƙofar Zuni. Na ɗaga ta, tana da nauyi, amma ba ta fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinku ba. Arba'in ɗin sanyi bai ma shigo ba. Dutse ya yi baƙi tun la'asar, gobe ma za ta zuba. In an sallame asuba, kafin ku nemi takalmanku, ku duba sama.